Rabin Gurasa

Shekara talatin da ɗaya ina zaune,
ina tuƙa jirgin kan titi a Sarayebo,
daga Ilija zuwa tsohuwar kasuwa, in juyo.
Gari na wucewa ta gilashi, ni ko ina nan daram,
har tumbi ya fara riga ni shiga ƙofa.

Likita Ziyada ba ta iya kwana-kwana ba.
Ta dubi takarda, ta dube ni ta saman tabarau:
"Hairudin, jininka ya hau, sukari na leƙen taga.
Ban hana ka azumi ba.
Amma me kake yi wa cikin nan bayan magariba?"
Na sunkuyar da kai. Ciki ya amsa da kansa.

Don ni a da, igwa na tashi,
sai in far wa tebur kamar mai ramuwar gayya:
gurasa biyu a dangwale cikin narkakken cuku,
nama, baklawa na ɗigar zuma, gahawa kofi huɗu.
In miƙe tarawihi, ruku'u ya zama kokawa,
ina haki kamar tsohon inji a kan hawa.

Bana jikata Lamiya ta karɓe linzami.
Saura awa guda a sha ruwa take buga ƙofa,
takalmin roba a hannu: "Kaka, tashi."
Mu kama tudun Kobaci sannu-sannu.
Ta ce mai azumi ba ya tsere da rana,
taka yadda za ka iya hira kana tafe.

Layin gidan burodi ya kai har kwana.
Ƙamshin somun da habbatus sauda
yakan ci kwalata kamar mai bin bashi.
In sayi ɗaya. Ɗaya tak. Idonta na kaina.

Sai maƙabarta, fararen duwatsu sahu-sahu.
Nan nake tsayawa, in ce numfashi nake mayarwa.
Ga Nusret. Ga ƙanensa Edhem.
Da su muka yi gudu da jarkokin ruwa
a shekarun da aka yi wa garin nan zobe,
lokacin da yunwa ba ta jiran ganin wata,
ba ta san sahur ba, ba ta san magariba ba.
Da igiya nake ɗaure wandona.
Da ƙura ta lafa na rantse ba na ƙara barin loma.
Na ci nawa, na ci na Nusret, na ci na Edhem,
shekara da shekaru ina ci wa mamata
abincin da ba su aike ni ba.

Lamiya ba ta san wannan ba. Ita taku take ƙirgawa:
"Dubu uku da ɗari biyu. Jiya ka fi haka."

A kan ganuwa jama'a sun baje ƙunshinsu.
Igwa ta tashi.
Har yau kafaɗata kan noƙe
kafin zuciya ta tuna wannan ƙarar kiran abinci ce.
Fitilun hasumiyoyi suka kama, ɗaya bayan ɗaya.

Dabino uku. Ruwa kurɓi-kurɓi, ban da kwankwaɗa.
Miyar kaza da kuɓewa, da sauran ɗuminta.
Sannan in tsaga gurasar biyu,
tururi ya fito kamar ajiyar zuciya,
rabi nawa,
rabi in miƙa wa ɗalibin da ke gefena,
wanda ban san sunansa ba.

Da asuba ƙwai guda, kindirmo, tuffa,
dafaffiyar alkama, gishiri ɗan taɓawa,
ruwa, da ƙarin ruwa.
Gahawa dai mun yi ciniki: kofi ɗaya,
kuma ina jan sa kamar labarin da ba na so ya ƙare.

Daren jiya, na sha bakwai ga wata,
na yi raka'a ashirin ban jingina da ginshiƙi ba,
goshina ya riga cikina isa ƙasa.
Ban gaya wa kowa ba.
Na dai nemi ƙusa a cikin akwatin kayan aiki,
na huda wa ɗamarata sabon rami.